Haɗa Monita Biyu da Laftof Ɗaya: Tambayoyi da Amsoshi

Sana'ata haɗa kwamfutoci ce a ofisoshi da shaguna a nan Legas, yau ina Agege, gobe Ikeja, jibi a kira ni Obalende. A 'yan shekarun nan maganar ƙara monita ta yi yawa a bakin mutanenmu. Mai canji yana so ya ga farashi a gefe guda, lissafinsa a ɗaya gefen. Mai rubuta shigar kaya da fitarsu a Mile 12 ya gaji da buɗe wannan shafi ya rufe wancan. Yaranmu masu koyon rubuta manhaja a Yaba su kam ba a magana. Na tattara tambayoyin da aka fi yi mini, na amsa su yadda nake amsawa in an same ni a bakin aiki. Abin da zan yi ta nanatawa guda ne: kowace monita tana buƙatar tata hanyar hoto daga cikin laftof, kuma galibi laftof ɗin ce ke faɗin hanyoyin nawa ne, ba kayan da za ka sayo a kasuwa ba. Yawancin kuɗin da na ga mutane sun yi asara, rashin sanin wannan ne ya jawo.

Malam, kowace laftof ce za ta ɗauki monita biyu?

Ba kowace ba, amma mafi yawan waɗanda ke hannun mutane yanzu za su ɗauka. Abu biyu ake dubawa: sashen hoto da ke cikinta, wanda masu gyara ke kira girafik, da kuma kafofin da ke gefenta.

Fara da na ciki. Danna maɓallin Windows, ka rubuta About, ka buɗe, za ka ga sunan furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar. In na Intel ne, lambar da ke biye da i3 ko i5 ko i7 ita ce ke nuna abin da 'yan kasuwa ke kira jen, wato zamanin da aka ƙera shi. i5-2520M jen na 2 ne, i5-8350U na 8, i5-1135G7 kuwa na 11. Jen na 2, wanda ya fito a 2011, allo biyu kaɗai yake iya tafiyarwa lokaci guda, kuma har da allon laftof ɗin a lissafin. Ke nan in ka sa monita biyu, nata allon zai ɗauke. Daga jen na 3, na 2012, aka kai allo uku, wato nata da biyu na waje. Na jen na 11 masu girafik ɗin Iris Xe suna kai huɗu.

Sai dai abin da furosesa zai iya daban, abin da kamfani ya buɗe wa hanya zuwa waje daban. Shi ya sa dole a koma kan kafofi.

Yaya zan gane kafofin da ke jikin tawa?

Ɗauke ta ka juya gefenta wajen haske. VGA ita ce mai faɗi, mai ramuka 15 a layi uku, kan kebul ɗinta galibi shuɗi ne da kusoshi biyu na murzawa. Tun 1987 IBM ta fito da ita, har yau kuma tana ci a ofisoshinmu. HDMI kowa ya san ta daga dikoda da talabijin. DisplayPort tana kama da HDMI har mutum ya ruɗe, amma kusurwarta ɗaya ce a yanke, ta HDMI kuwa biyu. Kan kebul ɗin DisplayPort sau da yawa yana da ɗan maɓalli da ƙananan haƙora masu riƙewa, sai ka danna sannan ka zare. Na ga monitoci da dama da aka fizge wa kafa saboda mai su ya ɗauka tauri ne kawai, ya ja da ƙarfi. Akwai ƙaramarta, Mini DisplayPort, a tsofaffin ThinkPad da MacBook. Ta ƙarshe ita ce USB-C, 'yar ƙarama irin ta cajin waya.

In ka ƙirga kafofin hoto biyu, misali HDMI da VGA, ko DisplayPort da VGA kamar yadda HP EliteBook 840 G3 take, to ka huta. Kebul biyu kawai za ka nema, kowace monita da nata.

Tawa tana da USB-C, na sa adafta, ba ta nuna komai ba. Adaftar ce jabu?

Wataƙila lafiyarta ƙalau. USB-C siffar rami ce kawai, abin da ke bi ta cikinsa ya danganta da yadda kamfani ya haɗa shi. Wata kafar caji da fayil kaɗai take ɗauka, wata kuma har da hoto. Mai ɗaukar hoton ita ce aka ce tana da DisplayPort Alt Mode. Duba alamar da ke kusa da ramin. In ka ga walƙiya mai kan kibiya a ƙasa, Thunderbolt ce, tana fitar da hoto. In ka ga harafin D da P a cikinsa, ita ma haka. In alamar USB ce kawai, ko haruffan SS, kada ka saki jiki sai ka nemi bayanin samfurin a shafin kamfanin da ya ƙera ta.

Misali na kusa shi ne ita 840 G3 ɗin, wadda ta cika kasuwar kayan Beljiyam. Tana da USB-C, amma ba ta fitar da hoto ta nan, ko wace adafta ka kawo. 840 G5 kuwa Thunderbolt gare ta. ThinkPad T480 da Dell Latitude 7490 su ma suna fitar da hoto ta USB-C, ga kuma HDMI a gefe, shi ya sa nake yawan nuna su ga mai neman laftof ta hannu da niyyar sa monita biyu.

Thunderbolt 3, wadda ta zo a 2015, tana ɗaukar gigabit 40 a daƙiƙa. A Thunderbolt 4, ta 2020, Intel ta wajabta cewa kafa ɗaya ta iya tafiyar da monita biyu masu 4K. Mai irin wannan kafar ba shi da matsala.

Kada kuma ka manta da shi kansa kebul ɗin. Wanda ya zo da cajar wayarka yawanci ba ya ɗaukar hoto, ko da bakinsa ya shiga daidai.

An ce in sayi sifilita ta HDMI, mai shiga ɗaya fita biyu. Za ta yi?

Ba za ta yi ba, kuma a nan aka fi cin kuɗin mutane, wani lokaci ma mai sayarwar bai san bambancin ba.

Wani Alhaji mai canji ya kira ni ofishinsa wata Litinin. Na tarar da monita biyu sababbi fil a jere kan tebur, ledar jikinsu ma ba a gama ɓarewa ba, a bayansu ga wani ɗan baƙin akwati da kebul uku. Ya matsa linzamin kwamfuta, kibiyar ta motsa a duka biyun lokaci guda. Ya ce, "Injiniya, ka ga abin da nake fama da shi tun Juma'a. Duk abin da waccan ta yi, sai wannan ta kwaikwaya." Na ce, "Alhaji, sai haƙuri, akwatin nan aikinsa ke nan, bai lalace ba." Na ɗaga laftof ɗin na duba gefenta, sai ga alamar walƙiya kusa da USB-C. Muka aiki yaronsa ya sayo kebul ɗaya mai USB-C a kai ɗaya, HDMI a ɗayan. Monita guda ta tsaya a HDMI na laftof, ɗayar ta koma USB-C. Kafin a kira la'asar yana jan shafin lissafi daga wannan allo zuwa wancan.

Dalilin shi ne kafar HDMI hoto ɗaya tak take fitarwa. Sifilita tana karɓar wannan hoton ta kwafe shi gida biyu, ita laftof ɗin ba ta ma san akwai monita ta biyu ba. Tana da amfaninta: gidan kallon ƙwallo, zauren taro, wurin wa'azi inda ake so na gaba da na baya su ga abu ɗaya. Amma ga mai son aiki daban a kowane allo, ba kayansa ba ce.

Akwai 'yar uwarta da ke yaudarar mutane: ƙananan adaftocin USB-C masu HDMI da VGA a jiki ɗaya. Da yawansu in ka sa duka biyun, hoto ɗaya suke nunawa. Kada ka biya sai ka gani da idonka.

HDMI ɗaya kawai gare ni, USB-C ɗina kuma ba ya ɗaukar hoto. Shi ke nan na haƙura?

Akwai mafita. Ana samun adafta ko dok (akwatin da ake haɗa kaya da laftof ta cikinsa) masu fasahar DisplayLink, waɗanda ke tura hoto ta kafar USB ta yau da kullum. Za ka sauke direbanta ka sa, ita kuma manhajar tana matse hoton ta aika ta USB, wani ɗan guntu a cikin adaftar ya warware shi ya miƙa wa monita. Da yake hoton ba ta hanyar girafik ya fita kai tsaye ba, iyakar yawan allo da muka yi magana a sama ba ta hana shi.

Ga aikin ofis, Excel, wasiƙu, karatu, duba farashi, ba za ka ji wani bambanci ba. Ga wasan bidiyo ko tace fim kuwa za ka ga ɗan jinkiri, furosesa ma zai ƙara ɗaukar nauyi. Shawarata: monitar da ka fi aiki da ita ka ba ta HDMI, ta gefe ka ba ta DisplayLink. Ka sa adaftar a kafar USB 3.0, wadda galibi harshenta shuɗi ne. Akwai wasu masu araha ƙwarai da ba DisplayLink ba ne, in suka faɗa kafar USB 2.0 sai hoton ya koma 800 x 600, komai ya yi ƙato ya cika allo. In ba a rubuta DisplayLink a kwalin ba, ka tambaya da kyau.

Mene ne dok, kuma ya cancanci kuɗinsa?

Dok akwati ne da ke zaune kan tebur, monitoci da kibod da linzami da kebul ɗin intanet duk suna jikinsa, kai kuma abu ɗaya kake haɗawa da laftof. Ga wanda kullum yake ɗaukar laftof daga gida zuwa shago ya dawo da ita, ya cancanta ƙwarai, domin yawan sokawa da zarewa shi ke kashe kafar HDMI.

Amma kowane dok da gidansa. Tsofaffin EliteBook, daga 840 G1 zuwa G6, suna da doguwar kafa a gefe ta HP UltraSlim, wanda ke ba da DisplayPort biyu da VGA. Tsofaffin Latitude masu E a gaban lamba suna hawa E-Port ta ƙarƙashinsu. Sababbi irin Dell WD19 ta USB-C suke shiga, kuma sai kafar tana ɗaukar hoto za su fitar da shi. In za ka sayi na hannu, ka tabbata da cajarsa aka ba ka. WD19 yana zuwa da caja mai wat 130 ko 180, in aka haɗa shi da ƙarama sai ka ga laftof ba ta caji ko monita tana ɗaukewa tana dawowa.

Na ji ana jona monita da monita. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, amma ta DisplayPort ko Thunderbolt, HDMI ba ta yin haka. Tun DisplayPort 1.2 aka kawo abin da ake kira MST, wanda ke ɗaukar hoto fiye da ɗaya a kebul guda. Sharaɗin shi ne monitar farko ta kasance da kafar fita, wadda aka rubuta DP Out, kamar wasu Dell UltraSharp irin U2415 da U2419H. Kebul daga laftof zuwa ta farko, wani daga DP Out ɗinta zuwa ta biyu, sannan ka shiga menu na monitar farko ka kunna MST. Wannan matakin na ƙarshe shi ake yawan mantawa.

Ni MacBook gare ni.

To, a nan sai a yi hattara. MacBook Air da ƙaramar Pro masu M1, na 2020, da masu M2, monita ɗaya kawai suke ɗauka kai tsaye, ko da kafofinsu biyu ne. Air mai M3, ta 2024, tana ɗaukar biyu amma sai an rufe murfinta. Air mai M4, ta 2025, ita ce ke ɗaukar biyu murfi a buɗe. Masu M1 Pro suna ɗaukar biyu, masu M1 Max har huɗu.

Haka kuma macOS ba ta raba hoto ta hanyar MST. Adaftar USB-C mai HDMI biyu da ke aiki lafiya a Windows, in ka sa ta a Mac hoto ɗaya za ka gani a duka biyun. Mai M1 ko M2 da ya dage sai monita biyu, DisplayLink ce hanyarsa: ya sa manhajar DisplayLink Manager, ya ba ta izinin ɗaukar allo a saitin tsaro. Ya sani kuma finafinai masu kariya, irin na Netflix, za su iya nuna baƙin allo muddin tana kunne.

Na haɗa komai, duka sun kama, amma abu ɗaya suke nunawa.

In ba sifilita a tsakani, saiti ne. Danna maɓallin Windows tare da P, zaɓi huɗu za su fito, ka ɗauki Extend. Duplicate shi ne mai kwafewa.

Daga nan danna dama a fuskar kwamfuta, ka shiga Display settings. Za ka ga akwatuna masu lamba 1, 2, 3. Danna Identify, kowace monita za ta nuna lambarta. Ja akwatunan ka jera su yadda monitocin suke a zahiri kan teburinka, sannan ka danna Apply. In ba ka yi haka ba, za ka tura kibiya dama ta ɓullo ta hagu. Ka daidaita tsayinsu ma, don kada kibiyar ta riƙa maƙalewa a kusurwa. Wadda kake so ta zama uwa, zaɓe ta ka sa alama a Make this my main display. Hanyar da nake koya wa kowa kuma ita ce Windows da Shift da kibiyar hagu ko dama, tana cilla shafin da kake kai zuwa allo na gaba ba tare da ka taɓa linzami ba.

Ɗaya ta kama, ɗayar tana ta rubuta No Signal.

Bi a hankali, abu ɗaya bayan ɗaya. Da farko duba maɓallin Input ko Source na monitar, domin sau da yawa kebul yana HDMI ita kuma tana jiran VGA. Sannan musanya: ɗauki kebul ɗin da ke aiki ka kai wa wadda ta ƙi. In ta kama, laifin na kebul ne ko adafta. In ta ƙi, cire ɗayar gaba ɗaya ka gwada ta ita kaɗai. In kowace tana aiki ita kaɗai amma ba sa haɗuwa, ka ci karo da iyakar girafik, sai ka gwada kashe allon laftof ɗin ta zaɓin Second screen only.

Adaftoci da yawa hanya ɗaya suke bi. Mai kai HDMI zuwa VGA ba ta kai VGA zuwa HDMI. Kebul mai DisplayPort a kai ɗaya da HDMI a ɗayan, daga laftof mai DisplayPort yake tafiya zuwa monita mai HDMI, in ka juya shi ba zai yi komai ba.

Sai abin da ya fi damun masu laftof ɗin Beljiyam. Ana yi mata fomat a shago cikin gaggawa, a sa Windows, ba a sa direban girafik ba. Buɗe Device Manager, ka duba ƙarƙashin Display adapters. In ka ga Microsoft Basic Display Adapter maimakon sunan Intel ko AMD ko Nvidia, ga ciwon nan. Wannan direban na wucin gadi ne, ba ya raba aiki tsakanin allo da allo. Haɗa ta da intanet ka bar Windows Update ya gama, ko ka sauke direban daga shafin kamfanin laftof ɗin. In kuwa jiya komai yana aiki yau ya ƙi, danna Windows da Ctrl da Shift da B tare, allon zai ƙifta, girafik ya farfaɗo.

Rubutu ya yi dishi-dishi, kibiya kuma kamar tana jan ƙafa.

Kowace monita tana da adadin ɗigon da aka ƙera ta da shi, yawancin masu inci 22 zuwa 24 suna da 1920 x 1080. A Display settings zaɓi wanda aka rubuta Recommended. In ta VGA ka haɗa, danna maɓallin Auto a jikin monitar, ka kuma guji dogon siririn kebul, shi ke sa rubutu ya yi inuwa.

Jan ƙafar kibiya kuwa yawanci a monita mai 4K ake ganinsa. HDMI 1.4, wadda ke jikin laftof da yawa na hannu, sau 30 kawai take sabunta hoton 4K a daƙiƙa. Sai HDMI 2.0, ta 2013, ke kai 60. Shiga Advanced display ka ga nawa take kai. In 30 ne, koma da ita ta DisplayPort ko USB-C, ko ka sauke ta zuwa 1920 x 1080.

Tunda na sa monita, sauti ya ɗauke.

HDMI da DisplayPort suna ɗaukar sauti, sai Windows ta tura shi ga monitar da ba ta da sifika. Danna alamar sauti kusa da agogo, ka mayar da shi kan sifikar laftof.

Injiniya, ɗakina ƙarami ne, ina da talabijin. Zan iya sa ta a matsayin ta biyu?

Za ki iya, Hajiya, in tana da HDMI. In kika ga gefen hoton ya yanke, shiga saitin girman hoto na talabijin ɗin, a LG ana kiransa Just Scan, a Samsung Screen Fit. Sai dai talabijin mai inci 32 da yawa ɗigonta 1366 x 768 ne, rubutu ba zai fito tas ba in kina zaune kusa. Ta yi kyau wajen nuna wa kwastoma hotunan ɗinki ko atamfa, amma karatu da lissafi ki bar su kan monita. In wurin ne ya yi kaɗan, wasu monitocin ana juya su a tsaye, sai ki canza Display orientation zuwa Portrait. A haka ma dogon jerin kaya ya fi daɗin dubawa.

Zan iya rufe laftof ɗin in ci gaba da aiki?

Ƙwarai. A Control Panel shiga Power Options, sannan Choose what closing the lid does, ka zaɓi Do nothing a ɓangaren da take jone da wuta. Na batir ka bar shi yadda yake, kada ka rufe ta ka jefa a jaka tana kunne, ka shiga go-sulo na awa biyu da ita. Da zafin Legas kuma, ka ɗora ta kan abin da zai ɗaga ƙasanta iska ta ratsa. Ni na fi son a bar murfin a buɗe, ga allo na uku kyauta, ga kyamara in taro ya taso.

Wutar fa? Mita ba za ta cinye ni ba?

Monita ba ta cin wuta yadda ake zato. Mai inci 24 ta LED tana jan wajen wat 20 zuwa 25. A ce biyu wat 50 ke nan, in sun yi awa 8 a kunne sun ci yunit 0.4. Ko a farashin naira 225 kan yunit da aka sanya wa 'yan Band A a Afrilun 2024, naira 90 ke nan a yini. Tsofaffin monitoci masu kauri, waɗanda bayansu ke ɗumi, su ne ke ci fiye da haka.

Abin da ya fi ba ni tsoro ba cin wutar ba ne, yanayinta ne. In NEPA ta ɗauke, laftof tana da batir, monitoci ba su da shi, sai duk shafukanka su taru a ƙaramin allo. Windows 11 tana da zaɓi a ƙarƙashin Multiple displays da ke tuna inda kowane shafi yake, in wuta ta dawo su koma mazauninsu. Ƙaramin UPS ko inbata zai riƙe monita biyu ba wahala. Lokacin juyawa daga NEPA zuwa janareto kuwa, kashe soket ɗin monitoci tukuna, sai injin ya daidaita ka kunna.

Sannan maganar at, wato wayar da ke sauke wuta ƙasa. Gidajen haya da shaguna da yawa ba su da ita, ko kuma an sa soket mai rami uku amma na ukun ba a jone yake da komai ba. Alamar ita ce in ka shafa jikin laftof mai ƙarfe ka ji tana ɗan yi maka tsir-tsir, ko ka ga ɗan tartsatsi sa'ad da bakin HDMI ya taɓa kafa. Wannan tartsatsin yana ƙona kafar HDMI, gyaranta kuma sai an taɓa bod, wato babban faifan da ke cikin laftof. Ka sa laftof da monitoci duka a kan soket ɗaya mai kyau, ka haɗa kebul ɗin hoto kafin ka kunna wuta, ka kuma kira mai wayarin ya duba maka at ɗin.

Zan je sayen monita ta hannu. Me zan duba?

Tafi da laftof ɗinka da cajarta. Ko Computer Village za ka a Ikeja, ko Alaba International a Ojo, kada ka je da hoton kafa a waya kawai, ka je da ita kanta. A shagon a haɗa duka monitocin biyu, da ainihin kebul da adaftar da za ka tafi da su gida, ka danna Windows da P, ka ja shafi daga wannan zuwa waccan. Mai kaya nagari ba zai hana ka gwaji ba.

Buɗe farin shafi ya cika allo, ka duba tabo da layi da wurin da ya yi rawaya. Sannan buɗe baƙi, ka duba ɗigon da ke haske shi kaɗai, da hasken da ke tsiyaya ta gefe. Bar ta a kunne minti goma kana hira, wasu sai sun ɗumama suke fara ƙifce-ƙifce. Gwada kowace kafa, ba wadda mai shago ya riga ya sa ba kaɗai. In da hali ɗauki biyu iri ɗaya, domin in launinsu ya bambanta ido yana gajiya. Duba bayanta ko akwai ramuka huɗu na VESA, masu tazarar milimita 100 ko 75, ko wata rana za ka so rataye ta. Ka karɓi rasit mai lambar jikin kowace monita da kwanakin garanti a rubuce.

Wajen dawowa, kada a kwantar da su a but ɗin danfo. Sa kwali tsakaninsu, fuska na kallon fuska, ka riƙe su a tsaye, ko da za ka biya kuɗin kujera biyu.

Da damina monitata takan yi wani duhu a kusurwa, kafofin kuma suna yin kore.

Laimar Legas ce, musamman ga na kusa da ruwa, irin su Apapa da Obalende da Ajah, inda iska ke ɗauke da gishiri. Kada ka jingina monita da bangon da ke tsattsafo, ka bar tazarar tafin hannu. Wadda aka daɗe ba a kunna ba ita ta fi kamuwa, don haka ko ba ka aiki da ita ka riƙa kunna ta lokaci-lokaci ta ɗumama. Kafofin da ba ka amfani da su ka rufe su da 'yan murafun roba da ke zuwa da kebul. In kore ya riga ya fito, cire wuta gaba ɗaya, ka goge da busasshen burushi mai laushi da ɗan sifirit irin na masu gyaran waya, ka bar ta ta bushe sarai kafin ka mayar da kebul. In hadari ya taso da tsawa kuma, zare filogin daga bango, kashe makunni kaɗai bai isa ba.